Shin dimokuraɗiyyar Girka ita ce wannan da muke yi? Fashin baƙi kan mulki, zama ɗan gari da yaƙi a tsoffin biranen Girka

Duk lokacin da soja suka kifar da gwamnati a yankinmu, ko aka gama zaɓen da ya bar mutane da ɗaci a baki, sai tsohuwar gardama ta sake tashi a gidajen rediyo da majalisun hira da shafukan Facebook. An ji ta sosai bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Wannan ya ce dimokuraɗiyya rigar aro ce, Girkawa suka ɗinka, Turawa suka kawo mana. Wancan ya ce ai tsari ne da ya haura shekara 2,500, ya sha gwaji, don haka a rungume shi. Su biyun sun haɗu a kan zato ɗaya, cewa abin da mutanen birnin Atina na tsohuwar Girka suka yi shi ne abin da muke yi yau idan mun shiga layin zaɓe.

To, haka ne kuwa? Wa ke mulki a waɗannan birane, wa ake lissafawa a ɗan gari, kuma me ya sa tarihin majalisarsu ba ya rabuwa da tarihin yaƙinsu? Abin da na fahimta, wanda kuma zan bi a wannan bayani, shi ne a tsohuwar Girka bakin mutum a majalisa yana tafiya ne da matsayinsa a fagen daga. Shekarun tsohuwar Girka da zan kawo duk na kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, ana ƙirga su a juye, wato 594 ta riga 508 zuwa.

Girka ba ƙasa ɗaya ba ce a lokacin

Babu wata gwamnati mai suna Girka a wancan zamani. Abin da ake da shi birane ne masu cin gashin kansu, kimanin dubu ɗaya, kowanne da dokarsa da rundunarsa da abin bautarsa, wasu har da kuɗinsu da lissafin watanninsu. Irin wannan birni suna kiransa "folis", kuma daga wannan kalma Turawa suka samo sunan siyasa da na 'yan sanda a harsunansu. Folis ya ƙunshi gari da ƙauyuka da gonakin da ke kewaye da shi. Yawanci akwai tudu mai kagara inda ɗakunan bauta suke, da dandali a tsakiya inda kasuwa ke ci, ake shari'a, ake kuma jin labari.

Biranen sun bazu har bakin Baƙin Teku da kudancin Italiya da Sisiliya. Marsai ta Faransa a yau Girkawa suka kafa ta. Haka Kirene da ke gabar Libiya, wadda aka kafa wajen 631. Mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai, mutum na iya ratsa ƙasar wani a yini guda da ƙafa. Atina ta fita daban da kusan murabba'in kilomita 2,500, Sifarta kuma ta ninka ta kamar sau uku bayan ta cinye maƙwabtanta.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan fasali ba. Kano da Katsina da Zazzau da Gobir harshe ɗaya suke yi, suna cinikayya, suna auratayya, amma kowa da ganuwarsa da rundunarsa, kuma sun sha gwabzawa da juna. Shi ya sa masana masu nazarin birane masu cin gashin kai suke sa ƙasar Hausa a cikin jerin. Inda aka rabu shi ne a ƙasar Hausa sarauta ta yi ƙarfi ta dore, a yawancin biranen Girka kuwa sarki ya shuɗe tun da wuri, mulki ya koma hannun manyan gidaje masu filaye da dawaki. Daga nan kowane birni ya kama hanyarsa. Wasu suka zauna a hannun 'yan tsiraru masu hali, wasu suka faɗa hannun mutum ɗaya da ya ƙwace mulki da ƙarfi, wasu suka miƙa shi ga taron 'yan gari. Makarantar Aristo, wanda malamanmu suka sani ta littattafan Larabci, ta tattara tsarin mulkin birane 158. Dimokuraɗiyya ɗaya ce kawai daga ciki, kuma manyan masu ilimin zamanin da yawa ba su ƙaunace ta ba.

Wane ne ɗan gari?

Kalmar dimokuraɗiyya haɗin kalmomi biyu ce, "demos", wato jama'a, da "kiratos", wato iko. Sai dai jama'ar da ake nufi ba duk mai numfashi a cikin gari ba ne. A Atina ɗan gari shi ne namiji, ɗa ba bawa ba, wanda ya kai shekara 18, mutanen gundumarsa suka tantance asalinsa suka rubuta sunansa. A ƙarni na huɗu ana ƙiyasta irin waɗannan mutane da kusan 30,000, a ƙasar da mazaunanta suka kai 250,000 ko fiye.

Mace 'yar asalin Atina ba ta zuwa majalisa, ba ta tsayawa a kotu da bakinta, tana ƙarƙashin waliyyi, uba ko miji ko ɗa, har ta mutu. Tana iya riƙe babban muƙami a harkar bauta, amma ba a harkar mulki ba.

Sai baƙi mazauna, waɗanda ake kira "metik". Su ne fatake da masu sana'a da malamai da suka zo daga wasu birane. Namiji a cikinsu yana biyan harajin zama na dirakma (kuɗinsu na azurfa) 12 a shekara, macen da ke zaman kanta 6. Dole ya samu ɗan gari da zai tsaya masa, ba shi da ikon mallakar gida ko gona sai da izini na musamman, amma idan yaƙi ya taso da shi ake fita. Ko an haife shi a Atina, ko kakansa ma a can aka haife shi, baƙo yake. Aristo kansa, duk shekarun da ya yi yana karantarwa a Atina, bai taɓa samun ikon ɗaga hannu a majalisarta ba, domin shi mutumin Sitagira ne.

A ƙasan kowa akwai bayi, dubun-dubatarsu, a gidaje da gonaki da ramukan azurfa na Lawriyon inda aiki ya fi muni. Wani attajiri kuma kwamanda mai suna Nikiyas yana da bayi 1,000 da yake bayarwa haya ga masu haƙar ma'adinai. Duk wanda zai yabi majalisar Atina ya kamata ya tuna da azurfar wa aka gina jiragenta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ƙofar zama ɗan gari ta riƙa ƙuntata a daidai lokacin da dimokuraɗiyya ke faɗaɗa. A 451 Ferikilis, jagoran siyasar Atina a lokacin, ya kawo doka cewa ba ɗan gari sai wanda uwarsa da ubansa duka 'yan Atina ne. Kafin nan asalin uba ya wadatar. Dalili a fili yake, zama ɗan gari ya zama abin cin moriya, akwai ladan zaman kotu, akwai rabon fili a ƙasashen da aka ci. Marubucin tarihi Fulutak ya ruwaito cewa da wani sarki a Masar ya aiko da kyautar hatsi a raba wa 'yan gari, sai aka tashi tantancewa, aka cire kusan mutum 5,000 daga lissafi. Wanda ya taɓa bin layin takardar shaidar asali a ƙaramar hukuma don neman gurbin karatu ko aiki ya san wannan ciwo, da zarar rabo ya shigo sai a fara tonon wa ya riga wa zuwa. Dokar ta kama mai ita ma, domin ɗan da Ferikilis ya haifa da Asfasiya, 'yar birnin Miletus, sai da majalisa ta yi masa alfarma ta musamman kafin a rubuta shi.

Garkuwa da sahu

Yawancin biranen Girka, ban da irin su Sifarta, ba su da soja mai zaman bariki. Manomi ne ke ajiye garma ya ɗauki mashi. Dakaren da ya zama ƙashin bayan runduna ana kiransa "hofilat". Yana da kwalkwalin tagulla, da sulken ƙirji, da makarin ƙwauri, da mashi mai tsawon mita 2 ko fiye, da wata zagayayyiyar garkuwa ta katako mai faɗin kusan santimita 90 da nauyin kusan kilo 7. Da kuɗinsa yake sayen kayan. Don haka sahun dakaru sahun masu rufin asiri ne, waɗanda gonarsu ke ciyar da su har ta bar rara.

Yadda suke ja daga shi ne su jeru kafaɗa da kafaɗa, yawanci layi takwas, ɗaya bayan ɗaya. Garkuwa tana hannun hagu, rabinta na kare mai ita, rabin kuma na kare wanda ke hagunsa. Marubucin tarihi Tukididis, wanda shi ma kwamanda ne, ya lura cewa runduna kan riƙa karkata dama idan tana tafiya, saboda kowa na neman fakewa a garkuwar na damansa. A irin wannan yaƙi jarumtar mutum ɗaya ba ta da amfani idan sahu ya tsinke, shi ya sa jefar da garkuwa a gudu yake cikin manyan abin kunya, har yana iya jawo wa mutum rasa 'yancin magana a majalisa.

Aristo ya yi bayanin cewa lokacin da yaƙi ke hannun barade, mulki na hannun masu dawaki, da dakaru suka yi ƙarfi sai masu hannu a mulki suka ƙaru. Masana na yau suna jayayya kan ko sahun ne ya haifi sauyin ko kuwa sauyin ne ya haifi sahun. Amma hujjar manomi a fili take, mutumin da ya tsaya gefen ɗan babban gida ya kare shi da garkuwarsa zai yi wuya ya yarda a ce ba shi da ta cewa kan ko a fita yaƙin. A Maraton, a 490, dakarun Atina kusan 9,000 da na Filataya 1,000 suka kori rundunar Farisa. Marubucin tarihi Hirodotus ya ce 'yan Atina 192 suka faɗi, aka binne su a filin, tudun kabarinsu yana nan har yau.

Daga bashi zuwa majalisa

Tushen sauyin Atina rikicin bashi ne. Ƙananan manoma sun ci bashi a hannun masu filaye, wanda ya kasa biya a mayar da shi bawa, har a sayar da shi ƙetare. Gari ya kai gaɓar yaƙin basasa, sai aka ba Solon wuƙa da nama a 594. Ya soke basussukan, ya haramta jinginar da jikin ɗan gari, ya dawo da waɗanda aka sayar. Ya kuma kasa mutane gida huɗu bisa abin da gonarsu ke bayarwa a shekara: masu ma'auni 500, masu 300, masu 200, sai talakawan da ba su kai haka ba. Manyan muƙamai na na sama ne, amma dukiya ta maye gurbin jini, kuma talaka ya samu wurin zama a majalisa da kotu.

Bai hana mulkin mutum ɗaya zuwa ba. Fisistiratus ya ƙwaci gari, 'ya'yansa suka gaje shi, sai a 510 aka kori na ƙarshensu da taimakon Sifarta. A 508 Kilistenis ya yi gyaran da ake ɗauka a matsayin mafarin dimokuraɗiyya. Ya ga cewa muddin mutane na bin dangi da yanki, manyan gidaje ne za su ci gaba da juya su. Sai ya raba ƙasar zuwa gundumomi kusan 139, ya haɗa su zuwa sababbin ƙabilu goma, kowace ƙabila ta ƙunshi mutanen birni da na gaɓar teku da na cikin ƙasa. A ƙabila ɗaya suke fita yaƙi, a ƙabila ɗaya suke aika wakilai 50 zuwa majalisar mutum 500.

Ƙuri'a a ma'anarta ta asali

A nan ne aka fi yin kuskure. Kalmarmu ta ƙuri'a, kafin ta zama sunan takardar da ake dangwalawa, tana nufin abin da ake jefawa don a ga wanda rabo zai faɗa wa, kamar yadda mai mata fiye da ɗaya ke yi idan zai yi tafiya da ɗayarsu. Da wannan tsohuwar ma'ana Atina ta yi aiki. Daga cikin masu muƙami kusan 700 da ake naɗawa kowace shekara a ƙarni na huɗu, kimanin 600 ta hanyar jefa ƙuri'a ake fitar da su. Haka 'yan majalisar 500, haka masu zaman shari'a 6,000 da ake ɗebo alƙalan kowace rana daga cikinsu, 201 ko 501 ko fiye. Har wata na'ura ta dutse suke da ita mai ramuka, ana zura allunan sunaye, ana sako fararen ƙwallaye da baƙaƙe.

Aristo ya faɗa ƙarara cewa jefa ƙuri'a hanyar dimokuraɗiyya ce, zaɓe kuwa hanyar mulkin 'yan tsiraru ce. Hujjarsu ita ce a zaɓe mai kuɗi da mai suna da mai iya baki su ke cin nasara, amma rabo bai san ɗan wane ba. Sun bar zaɓe ne ga ayyukan da ke buƙatar ƙwarewa, musamman kwamandoji goma da wasu masu riƙe baitulmali. Kwamanda ana iya sake zaɓensa, shi ya sa Ferikilis ya yi shekara 15 a jere. Sauran muƙamai shekara ɗaya ce, ba maimaici, majalisar 500 kuma sau biyu kacal a rayuwa. Shugaban majalisar kwana ɗaya yake yi, a ranar hatimin gari da mabuɗan taskoki na hannunsa, gobe wani ne.

Babban iko kuwa na taron gari ne da ke zama a kan tudun Finikis, sau 40 a shekara a ƙarni na huɗu, mutum 6,000 ko kusa da haka. Mai shela ya tambaya wa ke son magana, duk ɗan garin da ya ga dama ya tashi, a yanke hukunci da ɗaga hannu. Babu jam'iyya, babu wakili. Yaƙi da sulhu da haraji duk a nan ake yanke su, kuma waɗanda suka ɗaga hannun su ne za su tafi yaƙin.

Akwai abubuwa biyu da nake ganin sun cancanci a yi musu kallon tsanaki. Na farko, duk mai muƙami sai an tantance shi kafin ya hau, kuma idan ya sauka sai ya gabatar da lissafin kuɗin da ya bi ta hannunsa, ba ya barin gari sai an wanke shi, kowane ɗan gari na iya kai ƙararsa. Na biyu, attajirai ake ɗora wa nauyin kula da jirgin yaƙi na shekara guda daga aljihunsu. Idan mutum ya ce wane ya fi shi kuɗi, doka ta ba shi dama ya ƙalubalanci wanen, ko ya karɓi nauyin ko su yi musayar dukiya.

Suna kuma da hanyar korar ɗan siyasar da ake tsoron ƙarfinsa. A rubuta sunansa a tsingaro, wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara goma, dukiyarsa na nan ba a taɓa ba. Maguɗi bai bar su ba su ma. Masu tono sun samu tsingaro kusan 190 a wata rijiya, duk da sunan wani babban ɗan siyasa, Temistokilis, kuma hannu 14 ne kawai suka rubuta su.

Filafili ya ba talaka baki

Sahun garkuwa ya shigar da mai rufin asiri. Wanda ba shi da gona fa? Amsarsa a teku take. A 483 aka dace da sabuwar jijiyar azurfa a Lawriyon. Aka so a raba kuɗin, Temistokilis ya shawo kan majalisa a ƙera jiragen yaƙi. Irin jirgin yana ɗaukar mutum 200, 170 daga cikinsu matuƙa ne a hawa uku, kuma makaminsa ƙahon tagulla ne a goshi da ake sokar jirgin abokan gaba. Tuƙin ba ya buƙatar sulke, ƙarfi da horo yake so. Jirage 200 na nufin mutum 40,000, dole a kira talaka, a haɗa da baƙi.

A 480 Farisawa suka ƙone Atina bayan mutanenta sun fice, amma a mashigin Salamis jiragen Girkawa suka karya su. Daga ranar talakan Atina ya samu hujjar da babu mai iya tankwarawa. A 462 Efiyaltis ya rage ikon tsohuwar majalisar manya, ba da jimawa ba aka kashe shi. Ferikilis ya kawo ladan zaman kotu don mai neman na yau ya iya barin aikinsa. Wani marubucin zamanin da ke ƙyamar dimokuraɗiyya ma ya amsa cewa talaka ya cancanci rabonsa tunda shi ke tuƙa jiragen.

Jirage kaɗai ba su isa bayani ba, Korinti na da rundunar ruwa amma ta zauna a hannun 'yan tsiraru. Sai dai a Atina alaƙar ta fito fili a 411, lokacin da mutum 400 suka kifar da dimokuraɗiyya a cikin gari, matuƙan da ke sansani a tsibirin Samos suka ƙi bi, cikin watanni kaɗan mulkin ya rushe.

Sifarta: garin da ya mayar da kansa bariki

Masu sha'awar mulkin horo da ladabi sukan kawo Sifarta misali, kuma labarin sarkinta Leyonidas da mutum 300 da suka tare Farisawa a Tarmofile a 480 ya zagaye duniya. Ba a cika faɗin cewa mutanen Tesfiya 700 da na Tebes 400 sun tsaya tare da su ba.

Tsarin Sifarta gauraye ne. Sarakuna biyu daga gidaje biyu, majalisar dattawa 28 waɗanda suka haura shekara 60, masu sa ido biyar da ake zaɓa duk shekara waɗanda ke iya tuhumar sarki, sai taron 'yan gari da ke nuna amincewa da ihu. Yaro na barin gida yana ɗan shekara 7 ya shiga horo. Babba kuma dole ya riƙa kai gudummawar abinci ɗakin cin abincin rukuninsa duk wata, idan ya gaza ya faɗi daga matsayin cikakken ɗan gari.

Wa ke noma to? Helot, mutanen Lakoniya da Meseniya da aka ci da yaƙi aka ɗaure su a gonaki, kuma sun ninka iyayengijinsu sau da yawa. Duk shekara masu sa ido kan shelanta yaƙi a kansu don kashe su kada ya zama laifi. Tukididis ya ruwaito yadda aka ware 2,000 daga cikin mafi jarumtarsu da alkawarin 'yanci, aka yi musu ado, daga nan ba a sake ganinsu ba. A ganina tsoron waɗannan bayi ne ya mayar da Sifarta bariki, horon da ake yabo gadi ne na dare da rana.

Tsarin kuma ya cinye kansa. Filaye suka taru a hannun 'yan kaɗan, masu kasa biyan gudummawa suka yi ta zubewa, ba a kuma shigar da sababbi. Cikakkun 'yan gari sun kai 8,000 a 480. A Liyuktira, a 371, 700 kawai suka fita, mutanen Tebes ƙarƙashin Efaminondas suka kashe 400. Cikin shekara biyu Meseniya ta samu 'yanci, Sifarta ba ta sake tashi ba.

Masu suka da masu karewa

Masu sukar Atina, masanin falsafa Aflaɗon a gaba, suna cewa mulki sana'a ce kamar tuƙin jirgi, ba a miƙa ta ga wanda bai koya ba, kuma taro yana bin mai daɗin baki. Suna da hujjoji masu nauyi. Ƙawancen da aka ƙulla a 478 don tsare kai daga Farisa Atina ta mayar da shi daula, ta kwashe baitulmalinsa daga Delos zuwa gida a 454, ta riƙa karɓar haraji da ƙarfi. A yaƙinta da Sifarta, daga 431 zuwa 404, majalisa ta yanke a 427 a kashe duk mazan Mitilene, birnin ƙawancen da ya yi mata tawaye. Washegari ta yi nadama, aka tura jirgi na biyu, matuƙa suna ci suna tuƙi har suka iske na farko kafin a zartar, duk da haka an kashe fiye da 1,000. Tsibirin Melos bai samu wannan sa'a ba a 416, an kashe mazansa, an sayar da mata da yara. A 415 majalisa ta aika babbar runduna Sisiliya, ta hallaka a 413. A 406, bayan nasara a teku, aka kashe kwamandoji shida da hukunci ɗaya saboda ba a ceto waɗanda jiragensu suka nutse ba, ɗan Ferikilis ɗin nan na cikinsu. Sukurat, malamin Aflaɗon, wanda ƙuri'a ta sa yana cikin masu jagorantar zaman, ya ƙi amincewa. A 399 kotun jama'a ta yanke masa shi ma hukuncin kisa.

Masu karewa kuma suna cewa a dubi abin da ɗaya ɓangaren ya yi da ya samu dama. Mutum 30 da Sifarta ta ɗora a 404 sun kashe kusan 1,500 cikin watanni takwas. Da jama'a suka karɓi garinsu a 403 sai suka yi rantsuwar yafe abin da ya wuce, in ban da jagororin, suka kuma gyara tsarin yin doka don taro kada ya riƙa yanke hukunci cikin fushi. Aristo ma, duk da shakkunsa, ya amsa cewa mazaunin gida ya fi magini sanin kyawun gidan. Mu cewa muke mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni dai na fi karkata ga wannan ɓangare, da sharaɗin kada a manta cewa mutanen Melos da bayin Lawriyon ba a taɓa tambayarsu ba.

Me wannan ke nufi ga gardamarmu?

Tsarin da muke bi bai zo daga tudun Finikis kai tsaye ba. Mulkin wakilai ya girma ne a majalisar Ingila, sannan a Amurka da Faransa. Waɗanda suka rubuta kundin Amurka a 1787 sun san tarihin Atina kuma sun guje shi da gangan, kalmar dimokuraɗiyya ma babu ita a kundin. Najeriya ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka a 1979, Nijar kuma, kafin juyin mulkin 2023, ta fi bin sawun Faransa. Ɗan Atina da zai ga mutum ya dangwala takarda sau ɗaya a shekara huɗu ya koma gida, zai kira abin mulkin 'yan tsiraru. Mu kuma da za mu ga garin da mata da baƙi da bayi ba su da baki, ba za mu kira shi mulkin jama'a ba. Don haka mai cewa a yi watsi da ita don ta Girka ce, da mai cewa a riƙe ta don Girka ta gwada, kowannensu yana magana ne kan wani abu daban da wanda ke gabansa. Wasu ƙasashe ma sun fara komawa ga tsohuwar ƙuri'a, Ayalan ta zaɓo mutum 99 ta haka a 2016 Miladiyya don tattauna gyaran kundinta, Faransa ta zaɓo 150 a 2019 kan sauyin yanayi.

Su kuwa biranen, yaƙin junansu ya gajiyar da su, sojan haya suka yawaita, manomi mai garkuwa ya rage daraja. A 338 Filibus na Makidoniya, mahaifin Iskandari, ya karya Atina da Tebes a Kayroniya da runduna mai horo na dindindin. Atina ta ci gaba da majalisarta har Iskandari ya mutu a 323, sai ta yi tawaye. A 322 aka farfasa jiragenta kusa da tsibirin Amorgos, aka kuma ci ta a tudu. Sharaɗin da Antifata, kwamandan Makidoniya, ya gindaya shi ne ba ɗan gari sai mai dukiyar dirakma 2,000. Mutum 9,000 suka rage a lissafi. Majalisar ta sake dawowa daga baya a ƙarƙashin inuwar sarakunan waje, amma a wannan shekara jikokin matuƙan Salamis an share sunayensu, aka ba da yawansu fili a yankin Tirakiya da ke arewa, suka kwashe iyalansu suka bar garin.